Yadda Ake Gano Inda Kukan Mota Yake Fitowa Kafin a Sayi Kaya

Duk wanda yake jigila daga ƙauye zuwa kasuwa, a ce Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, ya san wannan ƙarar: ƙiiii da asuba idan aka tayar da inji, ko wata siririyar tsuwa kamar ta ɗan tsako da take bin taya a kan hanya. Abin da aka saba yi shi ne a tsaya gareji a ce wa makaniki "tana ƙara", shi kuma ya canza fanbel don shi ne mafi sauƙin kaiwa. Bayan kwana biyu ƙarar ta dawo. A canza takalmin birki, ta sake dawowa. Kuɗi sun fita sau biyu, alhali wataƙila tsakuwa ɗaya ce ta maƙale a bayan dis.

Ƙara mai tsini irin wannan yawanci abu biyu ne suke kawo ta: ko roba tana zamewa a kan ƙarfe, ko ƙarfe yana gogar ƙarfe babu maiƙo a tsakaninsu. Wuraren da hakan yake faruwa a mota ba su da yawa, kuma kowanne da lokacin da yake kukansa. Lokacin nan shi za ka fara kamawa, tun kafin hannunka ya kai kan sufana.

Kayan aiki

- Jak da sufanar taya, da guntun katako mai faɗi da kauri na ɗora jak a kai, da kututturen ice mai ƙwari na tokare mota.
- Sufanu lamba 10, 12, 13, 14 da 17. Motocin Japan sun fi cin 12 da 14, na Jamus irin su Golf 13 da 17, wasu kuma sai da alanki.
- Doguwar sukundireba. Idan babu, guntun tiyo mai tsawon kamu biyu ya wadatar.
- Tocila ko fitilar waya.
- Gorar ruwa da aka huda murfinta da ƙusa, ko ledar fiya wata da aka yi wa ƙaramar huda.
- Alli, tsumma, samfefa.
- Mutum ɗaya da zai zauna a kujerar direba yana bin abin da ka ce.

Kafin ka sunkuya a kan inji mai aiki, cire babbar riga, ka naɗe hannun ta ciki, ka fitar da carbi daga aljihun gaba. Bel ba ya jira, idan ya kama bakin riga sai ya ja har da mai ita. Fankar lagireto ta lantarki kuma tana tashi da kanta ba tare da sanarwa ba, a wasu motocin ma ko an kashe inji.

1. Kama lokacin da ƙarar take zuwa

Kashe rediyo da esi, sauke gilasai, ka yi yini ɗaya kana saurare. Tambayoyin da za ka amsa su ne: tana zuwa mota na tsaye ko sai tana tafiya? Da sanyin safiya kawai, ko har inji ya ɗau zafi? Taka totur yana ƙara ta? Taka birki yana kawo ta ne ko yana ɗauke ta? Juya sitiyari fa, da taka kulochi, da shiga rami? Ta fara ne bayan an ratsa ruwa, ko bayan an yi wani gyara?

A cikin mota kunne yana ruɗuwa, ƙarar baya sai ka rantse daga gaba take. Saboda haka nemi doguwar katanga, irin ta makarantar firamare ko ta asibiti, ka bi ta gefenta a hankali gilashi a sauke, sannan ka juyo ka bi da ɗaya gefen. Katanga tana dawo da sauti, ɓangaren da yake kukan zai fito fili. Idan ƙarar tana zuwa tana ɓacewa, ɗauke ta a waya lokacin da ta zo, domin mota ta iya yin shiru da zarar an shiga gareji.

2. Raba ta gida biyu: inji ko taya

Ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, ja hambirki, cire giya, tayar da inji. Abokin aikinka ya taka totur a hankali ya saki. Idan ƙarar ta fito mota na tsaye, kuma tana hawa da sauka tare da inji, to birki da boris ɗin taya ba ruwansu, ka tafi mataki na 3.

Idan shiru, hau hanya mara cunkoso, kai gudun kilomita 40, sannan ka cire giya ka bar mota ta gangara da kanta inji yana silo. Kada ka kashe makulli, birki da sitiyari za su yi nauyi, sitiyarin ma yana iya kullewa. Ƙarar da ta ci gaba a wannan hali, tana raguwa yadda gudu yake raguwa, taya take bi. Ka tsallaka zuwa mataki na 7.

3. Duba bel inji a kashe

Mafi yawan kukan da yake fitowa daga ƙarƙashin bonet na bel ne. Shi yake ɗauko juyi daga fulin ƙasa, wato faifan da inji yake juyawa, ya kai wa altaneta, famfon sitiyari, kwamfiresar esi, a motoci da yawa har da famfon ruwa. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya yi nauyi, bel ɗin da ya saki sai ya zame ya yi kuka. Shi ya sa ake jin sa a minti na farko bayan tayar da inji, lokacin da altaneta take mayar da wutar da kik ya ci, ko idan an murɗe sitiyari har ƙarshe, ko an kunna esi, ko an kunna manyan fitilu.

Cire makulli ka sa a aljihu. Haska tocila a cikin bel ɗin, ɓangaren da yake kwanciya a kan fuli. Abin da kake nema: tsagewa, haƙoran da suka gutsure, gefen da ya fara fitar da zare, da ƙyalli. Bel mai lafiya baƙi ne mara sheƙi. Wanda yake ƙyalli kamar an shafa masa mai ya ƙone saboda zamewa, ko an ɗaure shi ba zai daɗe yana shiru ba. Amma kada rashin tsagewa ya yaudare ka: bel mai layi-layi na yanzu robarsa ba ta cika tsagewa ba, cinyewa take yi, layukan su sirance har bel ɗin ya nutse ya zauna a gindin fuli ya daina kamawa.

Shafa yatsa a kansa. Idan ka ji danshin baƙin mai, ko na man sitiyari, ko ruwan lagireto, nemo inda yake ɗigowa. Muddin ba a tsayar da yoyon ba, sabon bel ma sati ɗaya zai yi ya fara kuka.

Sannan gwada ɗaurinsa. Nemi wurin da ya fi tsawo tsakanin fuli biyu, danna tsakiyarsa da babban yatsa da ƙarfi sosai. Ya kamata ya lotsa kamar santimita 1, kusan faɗin ɗan yatsa ƙarami. Idan ya shiga santimita 2 ko fiye, ya saki. Bel mai faɗi kuma kana iya murɗa shi: idan ya wuce kwata ɗin juyi ba wuya, ɗaurin bai isa ba.

4. Gwajin ruwa

Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, kuma shi ya fi kowanne faɗin gaskiya. Tayar da inji, bari ƙarar ta fara, tsaya daga gefe, ka fesa ruwa kaɗan a cikin bel daidai inda zai hau fuli. Cokali biyu ko uku ya isa, kuma kada ka nufi altaneta da shi.

Idan ƙarar ta ƙaru nan take, bel ya saki, ruwan ya ƙara masa santsi ne. Idan ta ɗauke na 'yan daƙiƙu sannan ta dawo da bel ya bushe, musamman idan irin tsit-tsit-tsit ce mai maimaituwa, to ɗaya daga cikin fulin ya kauce daga layi, ko bel ɗin ya cinye. Idan kuwa ruwan bai canza komai ba, bel ba shi da laifi, boris ne yake kuka a cikin ɗaya daga cikin abubuwan da yake juyawa.

Ruwa kaɗai ake gwaji da shi. Akwai masu goga wa bel sabulu, da masu ɗiga masa man birki ko baƙin mai, ƙara ta ɗauke a ce an gyara. Mai yana kumbura roba, ƙurar hunturu ta manne a kai ta zama kamar samfefa, bel ɗin da zai kai damina sai ya tsinke a tsakiyar hanyar Ringim.

5. Nemo boris ɗin da yake kuka

Inji yana silo, ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin altaneta, wurin da ba ya juyawa, ka kanga marikinta a ƙashin bayan kunnenka. Boris mai lafiya shuuu yake yi sumul. Wanda ya bushe za ka ji shi kamar ana gurza yashi a faranti. Yi haka a jikin famfon sitiyari, da kwamfiresa, da kan notin tsakiyar ajasta, wato abin da yake ɗaure bel, idan hannu yana kaiwa ba haɗari. Da tiyo ma haka ake yi, baki ɗaya a kunne, ɗaya kana kusantar da shi, sai dai a riƙe shi tamau kada bel ya fizge.

Idan kunne bai raba gardama ba, cire bel. Kafin ka cire, ɗauki hotonsa a waya ko ka zana hanyar da ya bi a takarda, don mayar da bel mai zagaye fuli shida ba da zane ba yana cinye yini. Juya kowane fuli da hannu, ka girgiza shi gaba da baya. Wanda ya yi gurza, ko ya cije, ko yake kaɗawa, shi ne. Fulin ajasta da yake ta juyawa shi kaɗai yana ƙaraurau kamar gare-garen yara, giris ɗinsa ya ƙare. Famfon ruwa kuma duba ƙarƙashinsa, akwai ƙaramar huda: idan ka ga sawun ruwa ya bushe fari ko ja-ja a wurin, yana kan hanyar mutuwa.

Yanzu tayar da inji babu bel, yana sanyi, kada ya wuce minti ɗaya. Fitilar batir za ta kama, ba komai. Idan ƙarar ta ɓace, laifin yana cikin abubuwan da ka juya. Idan tana nan, mai yiwuwa daga bayan murfin taimin bel take fitowa, kuma wannan ba a wasa da shi: a injuna da yawa idan taimin bel ya tsinke ko ya tsallake haƙori, bawul suna lanƙwashewa, gyaran ya koma na sauke kan inji. Kai ta gareji a ranar. Wani lokacin kuma ba kuka ba ne, fito ne na iska, daga ƙaramin tiyon da ya tsage a kan inji. Alamarsa silo ba ya zama daidai, kuma idan ka toshe wurin da yatsa sai sautin ya ɗauke.

Akwai wani abu da yake wahalar da kanikawa da yawa. Fulin ƙasa a motoci da dama ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. Idan robar ta saki, na waje yana zamewa a kan na ciki, ya yi kuka sak na bel. Ja layi da alli daga tsakiyarsa zuwa baki, tayar da inji, kunna fitilu da esi, kashe, ka duba. Layin ya rabu biyu, fulin ya tashi aiki.

6. Ɗaurewa ko canza bel

A tsofaffin motoci altaneta ita ce ajasta. Sassauta notin ƙasa da na sama, sa sandar katako ka tura ta waje, ɗaure na sama, gwada da yatsa, sannan ka ƙarasa na ƙasa. Kada ka banƙare ta da rodi a jikin gwangwaninta, yana fashewa. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaurewa har bel ya zama kamar tsarkiya. Ƙara za ta ɗauke, amma nauyin ya koma kan boris ɗin altaneta da na famfon ruwa, bayan 'yan watanni su mutu, kuma sun ninka bel tsada.

Motocin da suke da ajasta mai sifirin ba a ɗaure su da hannu. Idan bel sabo ne yana kuka, kuma hannun ajastar yana rawa sosai inji na silo, sifirin ɗinta ya gaji, ita za a canza.

Wajen saye, karanta lambar da take bayan tsohon. Misali 6PK1045 yana nufin layi 6, tsawo milimita 1045. Idan lambar ta goge, tafi da tsohon shago, a Ƙofar Ruwa ne ko a Hadejia ko Gumel, a gwada su tare. Idan ya tsinke ya ɓace, zagaya igiya a kan fulin ka auna. Wanke ramukan fuli da buroshi da ruwan omo, su bushe kafin a ɗora sabo, kuma ka tabbata kowane layi ya faɗa raminsa, don tsallake layi ɗaya yana yanka gefen bel cikin kwana kaɗan. Sabon bel yana miƙewa, saboda haka sake gwada ɗaurin bayan kwana biyu ko uku.

Bel ɗin da yake kuka kullum da safe duk da ɗaurinsa daidai ne, a sa mai wayarin ya auna batir. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 inji a kashe, 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki. Wanda ya raunana yana sa altaneta jan nauyi fiye da ƙima.

7. Birki: gwaji a kan hanya

Ƙarar da take zuwa da safe kawai bayan an kwana ana ruwa, ta ɓace bayan taka birki uku ko huɗu, tsatsa ce ta kwanta a kan dis. Ba gyara take nema ba.

Siririyar tsuwa mai bin juyin taya, wadda take canzawa ko ta ɗauke idan ka ɗora ƙafa a kan birki, yawanci gargaɗi ce. Takalmin birki da yawa yana da ɗan harshen ƙarfe da aka yi shi musamman ya taɓa dis idan naman ya rage milimita 2 zuwa 3. Idan aka yi biris da shi, tsuwa takan koma gurza, ƙarfen takalmin ne ya fara cin dis. Ba kowane takalmi yake da harshen nan ba, masu araha da yawa daga shiru sai gurza.

Ƙara mai tsananin ƙarfi da ta fara farat ɗaya a hanyar burji, kuma taka birki ba ya canza ta, kusan kullum tsakuwa ce ta faɗa tsakanin dis da siririn farantin da yake bayansa. Ja da baya da ɗan sauri ka taka birki, sau biyu ko uku, sau da yawa tana faɗuwa. In ta ƙi, sai an cire taya.

Sai gwajin zafi. Yi tafiyar kilomita 4 ko 5 ba ka cika taka birki ba, tsaya, kusantar da bayan hannunka ga kowace taya. Kada ka taɓa dis, yana ɗaye fata. Tayar da ta fi 'yar'uwarta zafi nesa ba kusa ba, tana warin ƙuna, birkinta yana riƙewa ko boris ɗinta ya bushe. Idan ta baya ce, zargi wayar hambirki, laka da tsatsa suna hana ta komawa.

8. Ɗaga mota ka gani da ido

Sassauta notin taya tun mota tana ƙasa. Sa dutse a gaba da bayan tayar da ba za ka ɗaga ba. A ƙasarmu ta rairayi jak yana nutsewa ya karkace, don haka katakon nan ya zama dole. Bayan ka ɗaga, tokare da kututture, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar. Bulon siminti ba abin tokara ba ne, ruguzewa yake yi lokaci ɗaya.

Kafin ka cire tayar, juya ta da hannu. Ɗan shafa-shafa kaɗan daidai ne. Idan sai da ƙarfi take juyawa, birki ya riƙe.

Cire ta, haska cikin kalifa, wato ƙarfen da yake matse takalmi a jikin dis. Sabon takalmi namansa milimita 10 zuwa 12 ne. Idan abin da ya rage bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, lokacinsa ya yi. Duba na ciki da na waje duka, mutane sukan leƙa na waje kawai su ce da saura. Idan ɗaya ya cinye ɗaya yana nan da ƙiba, sandunan da kalifa take zamewa a kansu sun cije. Zaro su, goge tsatsar, shafa giris na birki, ka duba robobinsu ko sun yage. Giris ɗin boris na yau da kullum yana kumbura robar, sandar ta sake cijewa.

Takalmin da yake da kauri amma fuskarsa tana sheƙi kamar tangaran ya ƙone, abin da ake yawan gani a motar da take ɗaukar buhunan shinkafa daga Kura ko kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan, direba ƙafarsa kullum a kan birki. Shimfiɗa samfefa a wuri mai tauri wanda yake daidai, goga fuskar har sheƙin ya tafi, ka ɗan rage kaifin gefunan. Idan ya dawo, takalmin ne mara kyau. Ƙurar birki kuma ba a hura ta da baki, illa ce ga huhu, da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta.

Bi dis da farce. Ramuka masu zurfi, ko tudu mai kaifi a bakinsa, suna sa ko sabon takalmi kuka. A jikinsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, idan ya kai nan ba a kai shi wajen mai injin gyaran ƙarfe, canzawa ake yi. Farantin baya kuma idan ya lanƙwashe yana taɓa dis, tura shi da sukundireba ya ba da tazara.

Takalmi biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama tare. Bayan an haɗa, taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa motar, takun farko ƙasa yake zuwa babu komai. Sannan a hanya mara mutane, kai 50 ka rage zuwa 10 da matsakaicin taku, kamar sau takwas, don takalmin ya zauna.

Birkin baya mai dirom ƙura ce babbar matsalarsa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Saki hambirki, cire dirom, share, duba lainin da sifirin ɗinsa. Idan ka ga danshi a ciki, man birki yana yoyo, wannan motar ba ta ɗaukar fasinja sai an gyara.

9. Boris ɗin taya

Shi ya fi yin gurnani, wuuu-wuuu mai ƙaruwa da gudu, amma idan ya bushe ƙarƙaf yana tsuwa. A hanya, kaɗa sitiyari kaɗan hagu da dama: idan ƙarar ta ƙaru lokacin da ka karkata hagu, yawanci na dama ne, don nauyi can ya koma. Mota a ɗage, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Kaɗawa a nan boris ne ko bal join, kaɗawa ta gefe da gefe kuma tayrod. Dafa sifirin ɗin shokozoba da hannu ɗaya, wani ya juya tayar, boris mai gurza za ka ji shi a tafin hannu ko kunne bai ji ba.

Masu bin hanyoyin fadamar Hadejia da damina su suka fi shan wannan, ruwa yana shiga ya wanke giris, bayan 'yan makonni kuka ya fara. Na bayan Golf 3 ana kwance shi a wanke a sake cika giris, amma notinsa ba a ƙulle shi tamau, ana barin wasar da take bayansa tana iya motsawa da ƙyar idan an tura ta da sukundireba. Na gaba kuwa da injin matsa ake shigar da shi. Wanda aka buga da guduma ya fara mutuwa tun ranar.

10. Sauran masu kuka

Sitiyari: idan kukan sai an juya shi, kuma bel lafiya, buɗe tulun mansa. Ya yi ƙasa, ko yana kumfa, akwai yoyo. Zuba irin man da aka rubuta a murfin, wasu ja suke sha, wasu kore, ba a gauraya su. Kada a riƙe sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5. Motoci irin su Corolla daga 2009 sitiyarinsu na lantarki ne, babu tulun da za ka nema.

Kulochi: mota na tsaye, giya a cire, taka shi a hankali. Kukan da yake farawa da taku ya ɗauke da an saki, boris ɗin kulochi ne. Sai an sauke giya ake kai masa, don haka a duba faranti gaba ɗaya a lokacin. Idan kuwa ƙiƙ-ƙiƙ ce daga ƙarƙashin ƙafarka ko inji a kashe, ɗigon mai a mahaɗar fedar ya kashe magana.

Bushin: ƙiƙi-ƙiƙi a kan rami da tudun rage gudu. Danna kowace kusurwar mota, wani yana saurare. Watsa ruwa a bushin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi shiru shi ne. A akori-kura, ganyen sifirin ɗin baya ne suke gogar juna da yashi. Amma bal join da robarsa ta yage yana kuka ba abin lallaɓawa ba ne, idan ya fita taya kwanciya take yi.

Taya: kuka a kwana ko da ba gudu, ƙarancin iska ne ko alaimen ya kauce. Mai faci ya auna tana sanyi, adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35.

11. Wadda za a iya lallaɓawa da wadda take tsayar da mota

Bushin, fedar kulochi, tsatsar safe, da bel mai kukan daƙiƙa biyu da asuba, duk suna iya jiran ranar kasuwa. Harshen gargaɗin birki yana ba ka kwanaki, ba watanni ba. Gurzar ƙarfe a birki, fedar da take nutsewa, taya mai zafi da wari, taya mai kaɗawa, da ƙara daga murfin taimin bel, waɗannan a sauke kaya a nemi makaniki mafi kusa, a hankali.

Idan kana cikin tafiya kukan bel ya ɗauke kwatsam, fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, bel ya tsinke. Sauka gefen hanya ka kashe inji ka buɗe bonet, ka zare ragowarsa kada ya naɗe a fulin ƙasa. Sannan ka duba ko shi yake juya famfon ruwa. Idan shi ne, kada ka ƙara ko kilomita ɗaya, inji zai tafasa ya ƙona gasket, aika ɗan acaɓa da tsohon bel ɗin a sayo irinsa. Idan famfon yana kan taimin bel, kashe fitilu da rediyo da fankar ciki, ka tafi da wutar batir zuwa gari mafi kusa idonka a kan allurar zafi, kuma kada ka sake kashe inji a hanya, don ba lalle kik ya sake ɗauka ba.